Kwanon Simintin Da Baba Ya Raba Wa Unguwa

Mahaifina ya yi gadi a wani siton auduga da ke bakin garin Funtua tun kafin a haife ni. Daga Tsiga ya zo yana saurayi, ya samu aikin, ya yi aure, ya gina gida a unguwar da ke bayan siton. Siton dogo ne ƙwarai, kuma rufinsa ba na kwanon ƙarfe ba ne. Wani farin kwano ne mai kauri da nauyi, wanda mu muke kira kwanon siminti. Sai da na yi furfura a gefen kai sannan na ji sunansa na gaskiya, wai asbesto.

Ina 'yar firamare auduga ta fara ja da baya, manoma suka koma masara, kamfanin ya rufe. A daminar ƙarshe iska ta yaye gefe guda na rufin ta zubar a fili. Da manajan zai tafi ya ce wa Baba ya kwashe abin da ya faɗo, ya yi yadda ya ga dama da shi. Baba ya ari kura ya yi ta jida. Masu lafiya ya rufe zaurenmu da madafa da su, ya kewaye garken awaki. Waɗanda suka farfashe ya daddaka su da guduma ya cike tsakar gida, inda ruwa ke kwanciya. Sauran kuwa ya raba wa maƙwabta.

Baba mutum ne da bai taɓa samun abin bayarwa ba. Albashin gadi bai wuce tuwo da miya ba, kullum shi ake taimaka wa. A wannan shekarar ce kaɗai mutane suka riƙa sallama a ƙofarmu suna neman abu a hannunsa. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta lokacin ba. Har kafaɗarsa yake ɗorawa ya kai wa tsofaffi. Mu yara kuma muka samu alli kyauta, muna zane da gutsattsarin a bango, muna 'yar gala-gala da masu faɗi.

Shekaru suka wuce. Inna ta rasu, ni na yi aure a Malumfashi ina koyarwa a firamare. Baba ya zauna da ƙanena da matarsa da 'ya'yansu, sai dai ƙanen nawa direban babbar mota ne, rabin wata yana kudu. Siton ya zama kango, awaki na kwana a ciki, sauran rufin yana ta zubowa shanu da motoci suna niƙe shi cikin ƙasa.

Farkon wata damina Baba ya kira ni a waya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata.

"Uwata, ki zo gobe."

"Baba, lafiya?"

"Kowa lafiya. Ki dai zo."

Da na sauka a mota na hau keke Napep, sai na ga an kewaye filin siton da langa-langa. Ta wata kafa na hango mutane sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuskokinsu a rufe, tankar ruwa tana fesa ƙasa duk da an yi ruwa jiya. Mai keken ya ce wai wata cuta aka gano a wurin. Wani fasinja ya ce a'a, gawawwaki ne.

A zaure na tarar da Baba zaune da wata mata da ba za ta girme ni ba, da jallabiya da takalmin roba. Ma'aikaciyar kula da muhalli ce, kowa Hajiya yake ce mata. Ita ta yi mini bayani. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ya sayi filin zai gina shaguna da rumbun masara, injiniyansa ya ce ba zai haƙa tushe ba sai an duba ƙasar, shi ne aka kira su. Baba kuwa, da ya saba zama a gindin darbejiyar da ke bakin filin, ya je kallo, ya ji tana tambayar inda sauran rufin ya tafi. Da murnarsa ya ce mata ai rabi yana gidansa, sauran yana gidajen jama'a, shi da kansa ya raba.

Hajiya ta ɗaga kai ta dubi rufin da muke zaune a ƙarƙashinsa, sannan ta dube ni.

"Malama, wannan idan yana lafiya lau ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Matsalar ita ce in ya fashe ko ya ruɓe. Akwai wasu siraran zaruruwa a cikinsa da ido ba ya gani. In mutum ya shaƙa, suna maƙalewa a huhu, ba sa fita. Ba yau za a ga illar ba, sai bayan shekaru masu yawa. Wani ma ba zai taɓa gani ba. Amma tsakar gidan nan taku, duk sharar da aka yi tashinsa ake yi."

Na tuna Inna da tsintsiyarta kowace safiya, mu kuma muna zaune a tabarma muna shan koko.

Baba ya daɗe yana murza gemunsa, sannan ya ce, "Hajiya, waɗanda na ba fa?"

Ta ce Alhajin ya yarda, tunda an riga an tanadi ramin da za a binne na filin a can wajen gari, motarsa za ta kwashe na unguwa ma. Sai dai ita ba ta san gidajen ba, kuma in baƙi suka shiga da fararen kayan nan ba tare da an gaya wa mutane ba, rikici za a yi.

"Ni na kai musu, ni zan gaya musu," in ji Baba. Ya juyo wajena. "Maza zan iya samunsu a ƙofa. Amma abin a cikin gida yake, wurin mata. Ke za ki shiga."

Abin da ya sa ya kira ni ke nan.

Washegari da hantsi muka fara. Baba na gaba da sandarsa, ni ina biye da mayafi. Duk gidan da muka je sai ya yi sallama da maigida su tsaya a waje, ni in shige. Ina iya tsayawa gaban aji cike da yara in yi magana har a tashi, amma a ranar harshena nauyi ya yi.

Gidan farko na wata tsohuwa ce mai waina da muke kira Gwaggo, aminiyar Inna. Ta rungume ni, ta yi mini faɗan rashin zumunci, ta zubo mini waina. Ina zaune ina kallon abin da ya kawo ni: falle guda ta jingine shi a gefen murhu yana tare mata iska, ya yi baƙi ya tsattsage, wani gutsure kuma shi ne murfin randarta. Sai da na kusa cinye wainar sannan na iya buɗe baki.

Ta saurare ni har na gama, ta yi dariya.

"Ke 'yar nan! Ni na goya ki a gaban murhun nan. Ga ni, ga ki. Wace guba?"

"Gwaggo, ba ta nunawa da wuri."

"To in sai na yi shekara ɗari za ta nuna, ta zo ina jiranta."

Na ce mata ba don ita kaɗai ba ne, akwai jikokinta da ke rarrafe a wurin. Can ta ce su zo su ɗauka, amma in gaya wa ubana ta gode da kyautar, ta yi mata amfani, kada ya sa wa ransa damuwa. Na fito na tarar da Baba yana jira. Na faɗa masa saƙon. Bai ɗago ba.

Ba ko'ina aka yi mana irin wannan ba. A wani babban gida tsofaffin da suka san ni duk sun rasu, sai matan 'ya'yansu. Na same su a bakin rijiya suna wanke-wanke, kusa da su wani gwangwani cike da farin gari. Na tambaya, ɗaya ta ce ai gutsuren kwanon siminti ne suke dakawa a turmi, ya fi toka fitar da baƙin tukunya, uwar mijinsu ce ta koya musu. Na tsuguna na yi musu bayani, na roƙe su su zuba ruwa a gwangwanin su rufe, kada su ƙara taɓawa, turmin ma su ajiye shi gefe.

Ƙaramarsu tana da tsohon ciki. Ta miƙe ta goge hannu a zane.

"Malama, kin ce wa ya kawo shi gidan nan?"

"Mahaifina ne."

"Shi da ya yi aiki a wurin bai sani ba?"

"Bai sani ba. Ba wanda ya gaya masa."

"Ke fa da kika yi boko?"

Ba ta ɗaga murya ba, tambaya kawai ta yi. Na ce ni ma jiya na sani. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta shige ɗaki. Ba wadda ta raka ni ƙofa.

Inda ya fi mana nauyi shi ne gidan ladanin masallacinmu. Shi kafinta ne a da, kuma lokacin rabon duk wanda yake son a yanka masa falle daidai akurkin kaji ko banɗaki wurinsa yake kaiwa. A ƙofar gidansa yake yankawa da zarto, gari na zuba, matarsa ta fito ta share. Ta rasu shekarun baya bayan doguwar jinyar tari da ta ƙi jin magani. Duk unguwa an san haka, mu ma mun sani, shi ya sa Baba ya bar gidan sai ƙarshe.

A nan ban shiga ba, ba mace a gidan. Na tsaya nesa kaɗan ina ji. Malam ladan ya saurari Baba yana jan carbi. Da Baba ya gama, sai carbin ya tsaya.

"Kana nufin shi ya kashe ta?"

Sai na ga Baba ya saki sanda, ya durƙusa a ƙasa gaban mutumin da bai kai shi shekaru ba. Ban taɓa ganin mahaifina a durƙushe gaban kowa ba. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Na ja mayafina na rufe rabin fuska.

"Malam, ban sani ba," in ji Baba. "Wallahi ban sani ba."

Ladan ya kama shi ya ɗaga. Ya ce kwananta ne ya ƙare, Allah ya ji ƙanta, ai shi ma da hannunsa ya yanka. Amma bai dubi idon Baba ba, kuma bai tsaya sun yi sallama ba, ya shige gida ya turo ƙyaure. Daga baya na tambayi Hajiya. Ta ce ba mai iya cewa i ko a'a yanzu, tari iri-iri ne, kuma ba a yi mata gwajin da zai nuna ba. Na kai wa Baba wannan amsar ina zaton za ta sanyaya masa rai. Cewa ya yi da ma ta ce a'a.

Gidanmu aka fara kwashewa, domin namu ya fi yawa. Aka ce a fitar da komai, kada ƙura ta sauka a kai. Ba mu da inda za mu kai kaya sai bakin hanya. Gadon ƙarfen Inna da aka ɗaure ƙafarsa da waya, katifun da suka sha fitsarin yara, tukwane masu faci, buhun masarar da ya rage rabi tun damina ba ta yi nisa ba, duk ga su a fili kowa na gani. Shekara da shekaru muna rufa wa kanmu asiri, muna fita da wankakkun kaya, a wuni ɗaya unguwa ta san abin da muke da shi da abin da ba mu da shi. Matar ƙanena ta zauna a kan akwati ta kifa kai a gwiwa. Ni na yi ta jan tabarma ina rufe wannan, iska na buɗe wancan.

Ma'aikatan suka shiga da fararen kayansu. Ba su yi gaggawa ba. Sai sun jiƙa falle sharkaf sannan su kwance ƙusa a hankali, su sauko da shi ba tare da ya fashe ba, su naɗe shi a leda mai kauri riɓi biyu su manne baki. Tsakar gida kuwa suka jiƙa ta ta zama taɓo, suka kankare har sai da suka daina ganin fari, suka ɗura a buhuna. Garken awaki ma haka. Da suka gama suka tuɓe kayan jikinsu suka cusa a leda tare da sharar. Motar Alhaji ta kawo jar ƙasa aka zuba aka daddaɓe. Zaure ya tsaya ba rufi, wanda ke kan hanya yana hango har ƙofar ɗakin Baba.

Tun kafin la'asar yara sun sa wa gidan suna. Suna wucewa da gudu suna cewa gidan guba, gidan guba. Matar ƙanena tana sayar da ɗanwake da safe, washegari ba wanda ya aiko da kwano. Kafin mako ya zagayo yayanta ya zo daga Musawa a kan babur ya ce iyayensu sun ce ta taho da yara har a ga abin da hali zai yi. Baba bai hana ba. Ya raka su bakin hanya yana ba da haƙuri.

Aikin filin ya ɗauki tsawon damina. Hajiya ta nuna mini wata rana daga bakin shinge. Ta ce saman ƙasar sun kwashe sun binne, amma akwai kusurwar da abin ya nutse da zurfi, tono shi ya fi barinsa haɗari. Nan suka shimfiɗa wani abu kamar bargo mai launin ruwan lemo, domin duk wanda ya haƙa nan gaba ya gani ya tsaya, suka zuba ƙasa mai tsabta, suka malala kankare. Aka gaya wa Alhaji ba rijiya, ba tushe, ba shuka a wannan gefen, sai dai motoci su riƙa tsayawa. Na tambaye ta ko shi ke nan an rabu da shi. Ta ce ba a rabuwa da shi, ana dai hana shi tashi ne, kuma sai an riƙa tuna wa mutane.

A unguwa ba kowa ya bayar ba. Wani ya ce kajinsa ba su yi tari ba. Wani ya ɓoye nasa a bayan rumbu don ya ji wai za a biya diyya. Baba ya yi ta komawa yana roƙo har wasu suka fara shigewa gida in sun hango shi. Ƙanena ya dawo ya rufe zauren da kwanon ƙarfe, matarsa ma ta dawo bayan kaka. Amma Baba ya daina zama a gindin darbejiya, a masallaci kuma ya koma sahun baya, kusa da takalma.

Hajiya ta ce ya kamata a duba ƙirjinsa, tunda shi ya daddaka da hannunsa. Na ce ya zo Malumfashi, asibiti na kusa da mu, ya kwana biyu a wurina ya huta da idon mutane. Da ƙyar ya yarda, don bai taɓa kwana a gidan surukai ba. Aka ɗauki hoton ƙirjin, likita ya ce bai ga abin tsoro ba a yanzu, amma in ya fara tari ko numfashi ya yi masa wuya a dawo da shi ba jinkiri. Muka fito ina murna. Baba ya ce alhamdu lillahi kawai.

Gida ɗaya muke da uwar mijina, kuma labari ya riga mu isowa. Mace ce mai kirki, ta tarbe shi da mutunci, ta sa aka yanka kaza. Sai dai da aka zo zuba abinci na ga ta ɗauko wani tsohon kwanon sha da faranti daga bayan ɗaki, ta ɗaura wa kwanon jan zare a hannu. Ta ja jikokinta gefe ta yi musu raɗa. Yarana da suka saba hawa cinyar kakansu suka tsaya daga bakin ƙofa suna gaishe shi. Na same ta a madafa na ce, a hankali yadda ake yi wa suruka magana, ai abin ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ta ce ta sani, ta ji, amma dai a yi hattara ba laifi ba ne. Maigidana yana wurin aiki. Na ɗauki farantin na kai wa Baba da kaina, na ajiye ina kallon ƙasa.

Ya dubi jan zaren. Ya yi bismilla ya ci tuwonsa, ya sha ruwa, ya wanke kwanon da kansa a bakin famfo ya kife shi nesa da sauran.

Da safe na same shi ya naɗe tabarmarsa, ya sa hula. Na ce Baba ai kwana biyu muka yi da kai. Ya ce akwai awaki, ba mai ba su dusa yadda yake so. Na raka shi tasha. Motar Funtua ta kusa cika, kwandasta ya ba shi gaba saboda tsufa. Na tsaya a jikin taga. Shi ya leƙo.

"Uwata, koma, za ki makara makaranta. Ki gaida maigidan. Ki ce wa surukarki na gode, miyar ta yi daɗi."

Direba ya tayar da mota. Na tsaya har suka fita daga tasha suka hau titi, sannan na gyara mayafina na nemi keken da zai kai ni makaranta.